Allura kafin wuƙa: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Kiwon Lafiya kan ƙarin da ke kama da daji

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan lafiya ne daga jihar Tawa. A cikinmu akwai masu fiɗa, akwai masu eko da radiyo, wato masu ɗaukar hoton cikin jiki, akwai ƴan labo da ma'aikatan jinya. Abin da ya haɗa mu kan wannan takarda wani rukunin ƙari ne da har yanzu ba shi da gida a tsarin lafiyar ƙasarmu. Yana fitowa a tsoka, ko a kitse, ko a tantanin da ya lulluɓe tsoka, ko a ƙashi. A ido da hannu, wani lokaci har a madubin labo, kamarsa ɗaya da dajin da likitoci ke kira sarkoma. Amma ba daji ba ne, kusan dukkansa ba ya bin jini ya watsu a jiki.

Wannan magana ta "ba daji ba ne" ita ke cutar masu shi, ta fuska biyu. Wani a ce masa ɗan ƙululu ne, a yanke a ɗakin ƙaramar fiɗa, a jefa naman a bokiti, kafin shekara ta zagayo abin ya dawo ya ninka. Wani kuma a ɗauka daji ne, a yanke masa ƙafa ko a ɗora shi kan shimiyo, wato maganin daji mai ƙarfi, alhali da an yi haƙurin wata biyu da abin ya tsaya da kansa. Kama da wane ba wane ba ce. Roƙonmu guda ne, sauran duk rassansa ne: a kafa ƙa'ida ta ƙasa cewa ƙari mai alamar haɗari ba a sa masa wuƙa sai an ɗauki hotonsa, an tsakuro namansa da allura, an san sunansa.

Ba muna cewa a turo kowane ƙululu Yamai ba, da layin ya kai Doso. Mafi yawan ƙululun da ake gani kitse ne marar lahani, kuma a lissafin likitoci marasa daji sun ninka sarkoma kusan sau 100. Alamun da ke raba su kaɗan ne, majon CSI, wato shugaban ƙaramin asibiti, zai haddace su a zama ɗaya: ƙarin da ya wuce santimita 5, wato ya kai ƙwan kaza, wanda ke can ciki ƙarƙashin tantanin tsoka, wanda ke ƙara girma, wanda ke ciwo, da wanda aka taɓa yankewa ya dawo. Gane zurfinsa ba sai da na'ura ba. A ce wa mutum ya ɗaure tsokar wurin. In ƙululun na sama ne zai ci gaba da zillewa ƙarƙashin yatsa, in na ciki ne sai ya kafe ko ya ɓuya. Takarda ɗaya ta ishi wannan bayani, a manna ta a bangon kowace CSI daga Ƙonni har Tasara.

Wanda ya fi ba mu wahala a cikinsu shi ne desmoyid. Tabo ne da ya ƙi tsayawa. Ƙwayoyin da aikinsu ɗinke rauni sai su ci gaba da saƙa zare bayan bukata ta wuce, zaren ya riƙa kutsawa tsakanin tsoka kamar saiwar kiri-kiri a gona. Ba shi da ɓawon da za a ɓare a fitar da shi sumul kamar ƙarin kitse, kuma inda yatsan mai fiɗa ya ce nan ne iyakarsa, madubi yakan nuna ya wuce nan. A ƙasashen da ke ƙidaya, mutum 5 zuwa 6 cikin miliyan ke kamuwa da shi a shekara. In aka ɗora wannan kan al'ummar da ta haura miliyan 25, sababbin masu shi a Nijar sun fi 100 kowace shekara. Ya fi kama mata, ya fi yawa wajen shekara 30 zuwa 40, kuma ciki da tiyata suna cikin abubuwan da ke tayar da shi. Siffar da aka saba gani ita ce mace ƴar shekara 28 ko 30, ta haihu 4, na ƙarshen ta sezariyan, bayan shekara ta ji wani abu mai tauri kamar katako a gefen cibiya ko kusa da tabon ɗinki. A ƙasar da mace ke haihuwa kusan 6 a matsakaicin lissafi, wannan ba baƙon abu ba ne. Sau da yawa ƙaba ake zato. Ƙaba tana kumbura in an yi tari, tana komawa in an danna, desmoyid ba ya motsi. Akwai kuma naman mahaifa da kan maƙale a tabon sezariyan, shi ciwonsa yana tashi lokacin al'ada ya kwanta bayanta. Tambaya ɗaya da eko na minti 10 suna raba ukun nan sau da yawa.

Da can ƙa'idar ita ce a yanke da faɗi. Sakamakon bai yi daɗi ba: daga kashi ɗaya cikin huɗu har fiye da rabi yakan dawo, musamman a hannu da ƙafa da kuma jikin matasa, domin yankan kansa rauni ne, rauni kuwa shi ne abincin wannan ƙari. A yanka na biyu a tafi da jijiya, a na uku a fara maganar cire hannun. Garin gyaran gira aka rasa ido. Da likitocin Faransa da Italiya suka fara barin sa suna aunawa kawai, sai suka ga kusan rabi yana tsayawa, 2 zuwa 3 cikin 10 ma yana raguwa ba magani. A gwajin maganin sorafenib da aka buga a Amurka a 2018, kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta ƙarinsu ya ragu. Shi ya sa a 2020 masana na ƙasashe da dama suka daidaita kan cewa matakin farko shi ne sa ido, ba fiɗa ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai dai sa ido aiki ne mai jadawali, ba "je ka gida Allah ya sawwaƙe" ba ne. Dubawa ta farko bayan wata 1 zuwa 2, sannan kowane wata 3 zuwa 6. IRM, wato hoton na'urar maganaɗisu, ita ce ta fi nuna gaskiya, amma ba kowane gari ke da ita ba, ba kowane aljihu ke iya ta sau uku a shekara ba. Abin da zai yiwu a Madawa ko Keita shi ne IRM ɗaya a farko, sauran dubawar kuma da eko: mutum ɗaya ya riƙa yi, majiyyaci a kwance iri ɗaya, a auna tsawo da faɗi da kauri, a rubuta a katin da zai riƙe a hannunsa, a ɗauki hoton wurin da waya tare da rula a gefe. In yau wane ya auna gobe wane, bambancin hannu kaɗai zai iya kai santimita guda, a ce ƙari ya girma alhali bai motsa ba. Kuma girma a dubawa ɗaya ba dalilin gaggawa ba ne, domin wani yakan ɗan ƙaru kafin ya tsaya. Ana duba sau biyu ko uku a jere, tare da tambayar ciwo da ko gaɓar tana aiki. Inda ba a jira haka shi ne wuya, ƙirji, da cikin ciki a jikin tantanin hanji, domin a can ƴan santimita kaɗan na iya toshe numfashi, hanji ko hanyar fitsari. Duk mai desmoyid a cikin ciki, ko mai fiye da ɗaya, ko ɗan ƙaramin yaro, a tambayi danginsa ko akwai wanda dajin hanji ya kashe da ƙuruciya, a kuma leƙa babban hanjinsa da na'ura. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu desmoyid suna da ciwon gado mai fitar da ɗaruruwan tsiro a hanji, shi kuwa wannan tsiron in an bar shi daji yake zama.

Wurin da tsarin ke karyewa ba a na'ura yake ba, a bakin ƙofar ɗakin likita yake. Mutum ya sayar da tunkiya, ya biya mota daga Abalak, a ce masa ba za a yanke ba. Abin da iyalinsa ke ji shi ne ko dai likita ya sallame shi, ko yana jiran a ba shi wani abu. Daga nan sai gidan wanzami, a yi sakiya, a tsaga, a ɗaura magani. Mugunya ba ta fita tunda babu ita, sai jini da sabon rauni. Saboda haka katin nan ya zo da bayani cikin Hausa da Tamajak da Fulatanci, a kuma karanta wa miji ko uba ko wan da ya rako, domin shi zai yanke shawara in an koma gida. A faɗa musu abu uku a sarari: ba daji ba ne, yanka na iya tsokano shi, ga ranar dawowa.

In ya ci gaba da girma ko ciwo ya hana barci, to wurin da yake shi ke zaɓar magani. Na bangon ciki fiɗa tana yi masa kyau, dawowarsa kaɗan ce, da sharaɗin ragar ɗinke bango tana kan tebur kafin a tsaga. In aka cire tsoka mai faɗin tafin hannu aka ja fata aka rufe, an musanya ƙari da ƙaba. Na hannu, ƙafa, kafaɗa da baya, magani ya fi wuƙa. Wanda ƙasarmu za ta iya ɗauka yau shi ne metotireksat da binbilastin a ƙaramin awo: miligiram 30 na farkon da miligiram 5 zuwa 6 na biyun a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, ta jijiya, sau ɗaya a mako, daga baya a tazarta zuwa mako biyu, a yi ta har kusan shekara. Tsofaffin magunguna ne masu araha, suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba sa aiki da sauri, ciwo ke fara sauka, girman sai bayan watanni. Ana duba jini da hanta kafin allura. Binbilastin in ya zube wajen jijiya yana ƙona nama, don haka sai hannun da ya saba. Metotireksat kuma yana lalata ɗan tayi, dole a yi maganar tazarar haihuwa da mata da mijinta tun kafin allurar farko, ba bayan ciki ya shiga ba. Ba wanda zai iya zirga-zirgar Tawa zuwa Yamai kowane mako har shekara, hanya ce ta fiye da kilomita 500. A rubuta maganin a Yamai, a riƙa yin allurar a asibitin jiha.

Sorafenib ƙwaya ce, miligiram 400 a rana, a gwajin can na 2018 ƙarin kashi ɗaya cikin uku ya ragu. Tana ɗaga hawan jini, tana sa zawo, tana tayar da bororo a tafin hannu da ƙafa, wanda ga mai noma ko mai daka ba ƙaramin abu ba ne. Nirogasestat da Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2023 yana aiki sosai, amma tsadarsa ta fi ƙarfinmu, kuma yana taɓa ƙwan haihuwar mafi yawan matan da suka sha shi. Gashi da haske, awon Gy 56 a zama 28, yanzu yana yiwuwa a gida tun da Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa ta fara shi a Yamai a 2021, sai dai a ajiye shi ga manya da waɗanda sauran hanyoyi suka gaza musu. A jikin ƴar shekara 25 yana sandarar da gaɓa, kuma bayan shekaru yana iya haifar da dajin gaske a wurin. Tamoksifen da ake rubutawa da can, hujjarsa ba ta da ƙarfi, a daina ɓata wa mutane kuɗi a kansa. Haka tiramol: mai desmoyid da aka bari da ciwo ba kulawa a tebur ɗin bakin tasha zai ƙare, alhali da magani bisa tsari da motsa gaɓa a wajen masu kine, wato masu gyaran motsin jiki, da ya samu sauƙi.

Akwai wani da ya kamata duk mai radiyo a ƙasar kokowa ya sani. Saurayi ya sha duka a cinya ko dantse, a fagen kokowa, a filin ƙwallo, ko jaki ya harbe shi, ko ya faɗi daga babur. Bayan mako 2 wurin ya yi tauri, ya yi zafi, yana girma. Ƙashi ne ke tsirowa a cikin tsokar da ta ƙuje. In aka tsakuro tsakiyarsa a waɗannan makonni na farko, a madubi kamar dajin ƙashi yake, kuma an sha yanke ƙafafu a duniya a kan wannan kuskure. Maganin wannan kuskure a sake radiyo. Tsakanin mako 3 zuwa 6 farin ƙashi zai bayyana a gefe-gefe kamar ɓawon ƙwai, tsakiya ta zauna fayau. Dajin ƙashi akasin haka yake, tsakiyarsa ta fi fari. A huta, a bar tausa da gashi da ruwan zafi, in daga baya ya hana lanƙwasa gwiwa a cire shi bayan ya nuna, wata 6 zuwa shekara. Ɗan'uwansa a wajen ruɗi shi ne wani ƙaramin ƙululu da ke tasowa cikin ƴan makonni a hannun matasa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, da wuya ya wuce santimita 3. Saurinsa ke ba da tsoro, madubi ma ya nuna ƙwayoyi suna ta rabuwa, amma yakan baje da kansa, in an cire kuma da wuya ya dawo.

Na ƙashi kuwa, mai manyan ƙwayoyi, yana kama masu shekara 20 zuwa 40, a ƙarshen ƙashin cinya ko kan ƙashin ƙwauri dab da gwiwa, ko a wuyan hannu. A radiyo rami ne da ya ci gefe ɗaya na ƙashi har ya kusa taɓa gaɓa, wani lokaci kamar kumfar sabulu. Yakan rarake ƙashi har ya karye a ɗan tuntuɓe, a kai wa maɗori, a ɗaure da kara wata uku, ƙari yana ci a ƙarƙashi. Kankarewa da cokalin fiɗa kaɗai ba ta isa, sauran ƙwayoyi na maƙale a lungunan ramin. Sai an buɗe taga mai faɗin da za a ga ramin duka, a bi bangonsa da injin gurza mai sauri, a wanke, a cika da simintin ƙashi. Simintin yana zafi in yana daskarewa, yana ba mutum damar taka ƙafa da wuri, kuma in ƙari ya dawo ana ganin baƙin layi a gefensa a radiyo. Mafi yawan dawowa cikin shekara 2 zuwa 3 take, shi ya sa ake radiyon wurin kowane wata 3 zuwa 6, a haɗa da na ƙirji, domin wannan ne guda a cikinsu da kan tura ƴaƴa huhu, a kusan 2 zuwa 3 cikin 100. Na ƙashin baya da ƙugu da ba su fiɗuwa, denosumab ke riƙe su: miligiram 120 ƙarƙashin fata a rana ta 1, ta 8 da ta 15, sannan kowane mako 4, tare da kalsiyom da bitamin D, a duba haƙora tukuna, a ajiye maganin a firij. Kuma kafin a taɓa kowa a auna kalsiyom a jininsa. Ciwon wasu ƙananan gaɓoɓi masu daidaita kalsiyom da ke bayan maƙoƙo yana rarake ƙashi iri ɗaya, har a madubi, shi kuwa maganinsa a wuya yake ba a gwiwa ba.

Duk wannan bayani banza ne in naman bai isa labo da kyau ba, kuma a nan ne kuɗi kaɗan zai yi aiki mai yawa. Eko ke fara shiga, domin a ƙasarmu kumburi na iya zama mugunya a cikin tsoka, ko ƙurjin tarin fuka marar zafi, ko misetoma mai huda ƙafa yana fitar da tsaba, ko jijiyar jini da ta bunƙasa wadda allura za ta fasa. In nama ne, sai allura mai kunama ta lamba 14, a kashe wurin da allurar kashe zafi, a tsakuro zare 3 zuwa 5 ana kallon eko, daga gefen da ke da rai ba daga ruɓaɓɓiyar tsakiya ba. Aikin minti 20 ne, mutum ya tashi ya tafi da ƙafarsa. Siririyar allurar zuƙo ruwa ba ta wadatar a nan, ƙwayoyi warwatse take kawowa, mai dubawa kuwa saƙar yake son gani. Hanyar da allura ta bi dole ta kasance a kan layin da za a tsaga in ta kama a yi fiɗa, domin in sarkoma ce da hanyar za a cire. In babu allura aka buɗe da wuƙa, to a hannu da ƙafa tsaga tana bin tsawon gaɓa ne, ba a gicciye ba, robar fitar da jini ma ta fita a kan layin. Tsaga a gicciye ta santimita 6 a cinya, in sakamako ya zo da sarkoma, ita ce kan mai da fiɗar da za ta ceci ƙafa ta koma yanke ƙafa.

Sai formol, ruwan da ke hana nama ruɓewa. Wanda ake sayowa yana da ƙarfin kashi 37 zuwa 40, ana sirka awo 1 da awo 9 na ruwa, mai sinadarin daidaita tsami ya fi. Ruwan ya ninka naman sau 10. Ba a sa nama a alkol, ba a sa shi a ruwan gishiri. Formol yana ratsa nama kusan milimita 1 a awa, to ƙari mai kaurin santimita 10 da aka jefa dunƙule, kwana biyu formol bai kai tsakiyarsa ba, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 kuwa tsakiyar ta riga ta ruɓe. A sa zare a nuna sama da gefe, a shafa tawada a bayansa, sannan a tsattsaga shi santimita-santimita kamar burodi ba tare da an raba ba. Mazubin ya zama mai faɗin baki: nama yana shiga kwalba mai ƙaramin wuya da laushi, ya sandare a ciki, sai an fasa kwalbar. Suna a jikin mazubi ake rubutawa ba a murfi ba, murfi yana musanyuwa. Awa 6 zuwa 72 ake so ya yi a formol, in ya daɗe fiye da haka rinin musamman da ke bambanta desmoyid da sauran, irin su beta-katenin, sai ya riƙa ba da amsa mai rauni. Abin da ke faruwa a wurare da yawa shi ne a miƙa wa dangi kwalba a leda a ce su kai anapat, wato labon duba nama. Kwalbar ta kwana uku a tasha, ko ta yi wata guda a ƙarƙashin gado ana jiran a sayar da albasa. Ƙasar nan ta riga ta iya kai samfurin shan-inna daga ƙauye zuwa Yamai a kan lokaci. A ɗora kwalaben anapat a kan irin wannan hanya, sau biyu a mako, sakamako ya dawo ta waya ga wanda ya aika. Takardar rakiya kuma ta daina zuwa da "ƙari a ƙafa" kawai. Shekaru, wurin, zurfi, girma, tun yaushe, ko an bugu, ko an haihu kwanan nan, ko an taɓa yankewa, abin da radiyo ya nuna: rabin amsar a nan take.

Ko nama ya isa lafiya, karanta shi yana da wuya, wannan ba gazawar masu anapat ɗinmu ba ce. A wani bincike da aka buga a 2012 kan majiyyata 1,463 a Faransa da Italiya, karatu na farko da na ƙwararru sun dace gaba ɗaya a kashi 56 cikin 100 kawai, a kashi 8 kuwa amsar ta sauya ɗungurungum. Don haka muke roƙon a kafa zama ɗaya na ƙasa kan irin waɗannan ƙari, ko da sau biyu a wata, mai fiɗar ƙashi da mai fiɗar ciki da mai anapat da mai hoto da mai maganin daji su zauna a Yamai, na Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas su shigo ta bidiyo. Kowane nama da aka ce sarkoma ne ko mai kama da ita, ido na biyu ya gani kafin a yanke gaɓa ko a fara shimiyo. Wanda ya gagara, a aika dunƙulen kakin da aka daskarar da naman a ciki zuwa labon da ke gwajin ƙwayar gado, abu ne da ke shiga ambulan. Fiɗar irin waɗannan ma a taƙaita ta ga asibiti biyu ko uku, domin hannun da ke yin 20 a shekara ba ɗaya yake da mai yin guda ba.

Saura maganar kuɗi, ranku ya daɗe. Kusan shekara 20 ke nan sezariyan kyauta ce, haka kulawar dajin mama da na mahaifa, ragin kuɗin asibiti na 2024 ma ya sauƙaƙa wa jama'a. Amma matar da desmoyid ya fito mata a kan tabon sezariyan ɗin nan, da zarar takarda ta ce ba daji ba ne, ta fita daga kowane layi, alhali maganinta na masu daji ne, jinyarta kuma ta shekaru ce. Muna roƙon a rubuta a sarari cewa desmoyid da ƙarin ƙashi mai manyan ƙwayoyi suna cikin aikin Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji, a ba su rangwamen da ake ba masu daji a hoto da anapat da magani, a kuma buɗe musu shafi a rajistar daji da ake riƙewa a Yamai tun 1992, domin abin da ba a ƙidaya ba a yi masa kasafi.

In ana son gwadawa kafin a baza, a fara da jihar Tawa na wata 12. Abin da ake bukata: takardar alamomi a kowace CSI, allurai masu lamba 14 da horon mako ɗaya ga mutum biyu a kowane asibitin gunduma mai eko, formol da mazubai masu faɗin baki, ragar bangon ciki, injin gurza ɗaya da simintin ƙashi a asibitin jiha, da kujera a zaman Yamai. A ƙarshen shekara a ƙirga nawa aka yanke ba tare da biyopsi, wato tsakuro nama, ba, kwana nawa sakamako ke ɗauka daga allura zuwa waya, nawa suka ɓace daga jadawalin sa ido, da nawa aka sauya wa amsa a karatu na biyu. A shirye muke mu rubuta takardar alamomin da katin majiyyaci mu kawo wa ma'aikatarku ta duba.

Allah ya taimake ku kan wannan nauyi. Wassalam.

Daga wasu likitocin fiɗa, masu eko da radiyo, ƴan labo da ma'aikatan jinya,
Tawa.